Ƙasar da ake tsoron rana mai daɗi

Jirgin da ya ɗauko ni daga Dallas ya fara sauka Amarillo, a arewacin jihar Teksas ta Amurka, da hantsi, cikin watan Maris na 2025, muna tsakiyar azumi. Ta taga ba abin da ake hange sai fili, shimfiɗe ɗoɗar har iyakar ganin ido, ruwan ƙasa, nan da can an zana masa manyan da'irori kore shar inda injinan ban-ruwa masu juyawa ke zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala. Babu dutse, babu daji, bishiya ma sai a gindin gida. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,100 daga teku, amma ido ba zai gaya maka haka ba, domin ƙasar a hankali take hawa daga gabas har ta je ta ci karo da duwatsun Roki a yamma.

Yayana, ɗan wan mahaifina, shi ya zo tarbata. Ya daɗe a garin yana jan tirelar abincin shanu, saboda haka babu hanyar yankin da bai taka ba. Tun ina gida ya ce in taho da rigar sanyi mai kauri, don Maris a nan kan zo da dusar ƙanƙara. Da muka fito daga filin jirgi sai na tarar da rana fes, sama garau babu ɗigon girgije, zafi ya haura digiri 25 a ma'aunin Selsiyus, alhali a irin wannan lokaci, a matsakaici, bai cika wuce 17 ba. Mutane na ta kai-kawo da riguna masu gajeren hannu.

Na ce, "Yaya, ashe garin naku da daɗi haka?"

Ya ce, "Daɗin nan shi muke tsoro, ƙanena. Ɗaga kai ka dubi tutar can."

Tutar da ke ƙofar filin jirgin a miƙe take sambal, tana kaɗawa da ƙara, iska daga kudu maso yamma ba ta barinta ta sauka ko na ɗan lokaci. Ya nuna mini wayarsa: hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta fitar da gargaɗin jar tuta. Sukan fitar da shi ne idan danshin iska ya faɗi zuwa kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, ga kuma iska mai ƙarfi, ga ciyawa a bushe. Ma'anarsa a taƙaice, duk wutar da ta tashi yau ba za ta tsaya jiran kowa ba. Mai azumi ba ya bukatar waya ta gaya masa iskar ta bushe. Kafin la'asar leɓɓana sun tsattsage.

A hanyarmu ta arewa, kan titi mai lamba 136, ya yi mini bayanin yadda abin yake haɗuwa, ni kuma ina kallon ciyawar gefen hanya tana kwanciya tana tashi. Sanyin hunturu kan kashe ganyen ciyawar filayen nan tun daga Nuwamba, ta zama fara ƙal, a tsaye, saiwarta na barci a ƙasa. Ba ta sake yin kore sai wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, shi ma idan ruwa ya sauka. Tsakanin nan, duk faɗin ƙasar makamashi ne a shimfiɗe. Idan zafi ya riga ruwa zuwa, bai isa ya tsiro da sabon ganye ba, sai dai ya ƙarasa zuƙe ɗan danshin da ya rage. Siririyar ciyawa ba ta riƙe ruwa. Ko an yi yayyafi da dare, awa guda na rana da iska ya ishe ta ta koma ƙayau. Ita kuwa iskar, daga bayan duwatsu take gangarowa, tana gangarowa tana ƙara zafi tana ƙara bushewa, ta iso filin da babu abin da zai tare ta. Ɗumin da ya sa baƙo kamata murmushi, shi da iskar uwarsu ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rawar da ruwan sama ke takawa. A watannin Mayu da Yuni na 2023 an yi ruwa mai yawa a wannan yanki na arewacin Teksas, har da ambaliya a Amarillo. Makiyaya suka yi murna, ciyawa ta yi tsayi ta yi kauri fiye da yadda shanu za su iya cinyewa. Sai hunturun da ya biyo baya ya zo da sauƙi. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta ce ba a taɓa rubuta hunturu mai ɗumi kamarsa ba a faɗin ƙasar. Albarkar damina ita ta zama abincin wuta. Wanda ya san makiyayar arewacin Tawa da Abalak da Dakwaro a Nijar ya san wannan lissafi: shekarar da aka fi samun ciyawa ita ce shekarar da aka fi fargabar wutar daji da kaka, shi ya sa ake fita share dogayen layuka a daji don a datse mata hanya.

Garin farko da muka tsaya shi ne Fritch, a bakin tafkin Meredith. Ƙaramin gari ne, kuma wuta ta san hanyarsa. A watan Mayu na 2014 ta cinye gidaje fiye da 200 a kewayensa, a Fabrairun 2024 kuma wata ta sake shigowa. Mun zaga wata unguwa inda za ka ga sabon gida tsaf, kusa da shi daɓen siminti kawai da matakala uku da ba sa kai ka ko'ina, sannan wani tsohon gida da ko fentinsa bai canza ba. Wutar ciyawa haka take tsallake wani ta faɗa wa wani. Shugaban 'yan kwana-kwanan garin ya rasu a farkon Maris na 2024, a wajen kashe gobarar wani gida, bayan ya kwashe kwanaki yana fama da wutar daji. Yayana ya rage gudu da muka zo wucewa ta gaban ofishinsu, bai ce komai ba.

Borger, mai matatar mai, ba ta da nisa daga nan, kuma labarinta daban ne. Watanni kaɗan kafin gobarar, hukumomin garin sun sa an ƙone wani dogon zirin ciyawa da gangan a gefen gari, kimanin kilomita 11, a ranar da iska ke kwance kuma motocin ruwa na tsaye. Da wutar ta iso wurin sai ta tarar babu abin ci. Mutane da yawa sun yi imani wannan ziri ne ya tsare unguwannin da ke bayansa. A ganina babu wani abin da na gani a duk tafiyar da ya kai wannan muhimmanci, amma ba kowane mai fili ke yarda a kunna wuta a gonarsa ba, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Wanda ya taɓa ganin wuta ta ƙwace ba zai so a ƙyasta ashana kusa da garkensa ba, ko da masana sun cika wurin.

Daga Borger muka haura Stinnett. A arewacin wannan gari, da yammacin ranar 26 ga Fabrairu, 2024, wata falwayar lantarki ta katako da gindinta ya ruɓe ta karye cikin iska, wayoyi suka faɗi kan ciyawa. Daga nan gobarar Smokehouse Creek ta tashi. Iska ta kora ta gabas, ta bi kwarin kogin Canadian, inda ƙasa ke da kwazazzabai da ramuka da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Washegari iskar sanyi ta sauko daga arewa ta juya akalar wutar. Dogon gefenta na kudu, wanda da yake tafiya a hankali, nan take ya zama goshinta, faɗinsa kilomita da yawa. Cikin kwana uku ta haura eka miliyan 1, wato fiye da murabba'in kilomita 4,000, ta tsallaka har cikin Oklahoma. Ba a taɓa rubuta gobara mai girmanta a tarihin Teksas ba. Mata biyu sun rasa rayukansu, ɗaya tsohuwa a gidanta a Stinnett, ɗaya kuma wuta ta rutsa da ita a kan hanya. Wata wutar da ta tashi a makon ta matso har aka dakatar da aiki na ɗan lokaci a masana'antar Pantex, inda Amurka ke harhaɗa makaman nukiliya da kwance su, arewa maso gabas da Amarillo. Ranar 29 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka a kan toka. Ba a ce an gama shawo kan wutar ba sai tsakiyar Maris.

Kwamitin majalisar dokokin jihar da ya binciki lamarin ya tabbatar da batun ruɓaɓɓiyar falwayar. Ya kuma nuna yatsa ga wayoyin lantarkin da ke kai wuta ga ƙananan rijiyoyin mai da gas a cikin makiyaya, waɗanda a lokacin ba wanda ke duba lafiyarsu yadda ya kamata. Na gan su da idona a gefen hanya, wasu sun karkace, wayoyi na lilo. Raina ya ɓaci. Iska da zafi ba a hannun mutum suke ba a ranar da suka zo, amma itacen da ya ruɓe ana iya ƙwanƙwasa shi a ji, ana iya canza shi.

Mun kwana a Pampa, muka yi sahur da abin da muka riƙo daga gida, da asuba muka kama titi mai lamba 60 ta Miami zuwa Canadian. Wannan tafiya ce ta nuna mini girman abin fiye da kowace ƙididdiga. Ka yi ta gudu da mota, rana na hawa, yayana na cewa nan ma ta ci, nan ma ta ci. Amma wanda ba a gaya masa ba da wuya ya gane. Shekara guda ta wuce, ciyawa ta dawo, ta sake bushewa, ta sake tsayawa fara ƙal kamar ba a yi komai ba. Shaidar da ta rage ita ce bishiyoyin bakin rafi, baƙaƙe ƙirin, ɓawonsu na zubewa, da sababbin shingaye na waya mai ƙaya, turakun ƙarfe na ƙyalli a rana, layi bayan layi.

Ciyawar nan ta saba da wuta tun kafin a kafa gari ko ɗaya. Zamanin da 'yan ƙabilar Komanci ke yawo a filayen bisa dawakai, garken ɓaunan Amurka na kiwo ba shinge, wuta kan tashi daga tsawa ko daga hannun mutum, ta wuce, saiwa ta sake tofo. Rabin jikin ciyawar ko fiye a ƙarƙashin ƙasa yake. Abin da bai saba da wuta ba shi ne gidan katako, da falwaya, da saniyar da aka killace ta rasa inda za ta gudu.

Canadian gari ne mai kyau, mutanensa ba su kai 3,000 ba, yana kwance a kwari cikin inuwar manyan bishiyoyi, da tsohuwar gadar ƙarfe ta 1916 a kan kogin, wadda yanzu da ƙafa kawai ake hawa. A wani shagon sayar da abincin dabbobi inda yayana kan sauke kaya, muka haɗu da wani dattijo makiyayi, fuskarsa duk rana ta gasa. Da ya ji daga inda na fito, kuma ya ji cewa kakanninmu ma da shanu suka tashi, sai ya zauna a kan buhu ya saki baki.

Ya ce wutar ta zo ne daidai lokacin haihuwar shanu. Maruƙa ba sa iya gudu, uwaye kuma ba sa barin 'ya'yansu. Da hayaƙi ya taso, abin da mutum zai iya yi shi ne ya ɗauki almakashin waya ya bi shinge yana datsewa, ya kora abin da ya samu zuwa gonar alkama, don ita kaɗai ce kore a wannan lokaci, wuta ba ta cin ta. Wanda ba shi da alkama kusa sai ya buɗe ƙofa ya bar wa Allah. Ya ce ganin waɗanda suka mutu bai kai ganin waɗanda suka rayu ciwo ba: saniya a tsaye, kofato ya saɓule, hantsa ta ƙone ba ta iya shayarwa, ido ya makance. Kwanakin da suka biyo baya, da bindiga mutane suka yi ta zagaya filayensu suna hutar da dabbobin da suka raina da hannunsu. A nan muryarsa ta tsaya, ya cire hula ya mayar. An ƙiyasta shanun da suka halaka a gobarar yankin sun haura 15,000. Kuma garke ba adadi ba ne kawai. Wani irin jinin ya kwashe shekara talatin ko arba'in yana zaɓa yana gyarawa, kuɗin diyya ba ya sayo wannan.

Na ce masa Allah ya mayar da alheri, yayana ya fassara masa, ya gyaɗa kai. Sai ya koma kan abin da ya fi son a sani, wato motocin ingirici. Tun toka ba ta huce ba tireloli suka fara shigowa jere daga wasu sassan Teksas da jihohin maƙwabta, ɗauke da dammunan busasshiyar ciyawa da turaku da waya, daga mutanen da ba su san kowa a garin ba. Yayana ya ce shi ma ya yi ta cin karo da su a hanya a makonnin nan, wasu da tuta a maƙale, direbobi na yi wa juna ham.

A bayan shagon akwai wata tsohuwar motar soja da aka ɗora wa tankin ruwa. Irin waɗannan su ne motocin kashe gobarar yawancin garuruwan yankin, kuma masu tuƙa su 'yan sa-kai ne: makaniki, malamin makaranta, mai shago, makiyayi. Ba albashi. Idan aka kira, mutum ya ajiye aikinsa ya fita, wani lokaci yana kare gidan maƙwabci nasa na ci a baya. Dabararsu ita ce su bi wutar ta gefe, ta cikin inda ta riga ta ƙone, suna fesa ruwa, gireda kuma na gaba tana kankare ƙasa. Goshin wutar ba a tarar sa a ranar iska. Takan tsallake titi mai faɗi, tartsatsi na tashi ya sauka can gaba. Kwamitin majalisar ya gano cewa na'urorin sadarwar ƙungiyoyin nan da yawa ba sa jin juna, kayan aikinsu sun tsufa, jiragen yayyafa ruwa kuma ba su iso da wuri ba. Jihar da ke da arzikin mai irin na Teksas, a ce tsaron ƙasa mai wannan faɗi ya rataya a wuyan mutanen da ke tara kuɗin taya da man mota ta hanyar sayar da gasasshen nama a bikin gari, abin bai kwanta mini ba.

Daga Canadian muka ratsa kusurwar Oklahoma muka hau titi mai lamba 283 zuwa Kansas. A nan na fara ganin wata bishiya mai duhun kore da suke kira sida, ta bazu a kwaruruka da gefen tuddai. Da can wuta ce ke hana ta yaɗuwa. Da aka shekara da shekaru ana kashe kowace wuta sai ta samu sarari. Jikinta da mai, idan ta kama takan tashi gaba ɗaya ta watsa garwashi nesa. Garuruwan Englewood da Ashland na Kansas ba mu daɗe a cikinsu ba. Ranar 6 ga Maris, 2017, gobarar Starbuck ta taso daga Oklahoma ta ƙone mafi yawan gundumar Clark, inda garuruwan biyu suke, shekara guda kacal bayan ta Anderson Creek ta yi irin wannan ɓarna a gabas da nan, ita ma a watan Maris. Idan aka haɗa da ta gabashin Amarillo ta Maris ɗin 2006, wadda ta ci eka sama da 900,000 da rayuka 12, za a ga manyan duk a tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris suke faɗowa.

Mun komo Amarillo daren Alhamis saboda yayana ya ga hasashen Juma'a, ya ce ba zai yarda gari ya waye mana a hanya ba. Ranar 14 ga Maris tun da safe iska ta fara kuka a jikin tagogi. Kafin hantsi sama ta rine ja, ƙura ta rufe gidan da ke tsallaken titi, tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa muna toshewa da jiƙaƙƙen tawul. Gudun iskar ya haura kilomita 100 a awa. Tireloli suka yi ta kifewa a kan babbar hanya mai lamba 40, motoci na karo da juna don ba a ganin gaba. Muka haƙura da zuwa masallaci, muka yi azahar a gida. Wayar yayana ba ta huta ba, abokan aikinsa na kira daga inda suka fake, kowa na tambayar ko an hango hayaƙi, domin a cikin wannan ƙura wuta za ta iya zuwa bakin gari ba a gan ta ba. Ya ɗauko jakar takardunsa ya ajiye kusa da ƙofa, ya juya motar ta fuskanci titi, tanki cike.

Unguwarmu ta tsira. Da muka sha ruwa muka kunna talabijin, labarai suka fara shigowa. A yammacin Kansas, kusa da Goodland, motoci fiye da 70 sun yi karo cikin ƙura a babbar hanya mai lamba 70, mutum 8 suka mutu. A Oklahoma wuta ta tashi a wurare sama da ɗari a yini guda, ta shiga unguwannin Stillwater da Mannford, gidaje ɗaruruwa suka ƙone, har da gidan gonar gwamnan jihar, Kevin Stitt. Tsofaffin yankin suna da abin da suke auna irin wannan rana da shi, wato guguwar ƙurar shekarun 1930, musamman ta ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, lokacin da garma ta tone ciyawar filayen fari kuma ya biyo baya.

Washegari iska ta lafa, rana ta fito, maƙwabta suka fito da tsintsiya da shebur suna kwashe ƙasa daga bakin ƙofa. Ina da niyyar hayar mota in gangara kwarin Palo Duro, kudu da gari, kafin in wuce. Yayana ya duba hasashe ya ga zafi zai sake hawa a farkon mako, da iska a bayansa.

Ya ce, "Je ka yau, ƙanena, kada ka bari sai jibi. Kuma ka ji ni da kyau: kada ka ajiye mota a kan ciyawa, zafin salansa kaɗai ya isa. In ka ga hayaƙi, duba inda iska ta nufa, ka yanke gefe, kada ka ce za ka tsere mata a gaba. In ƙura ta rufe ka, sauka daga titi gaba ɗaya, ka kashe fitilu, ka ɗauke ƙafa daga birki, don kada na baya ya ɗauka hanya ce ya biyo ka."

Na ce, "To, Yaya." Ya ƙara mini galan biyu na ruwa a bayan mota, shi kuma ya tafi ɗaukar lodi zuwa Hereford.